Daga Funtua zuwa Legas da Ruwan Shuka a Aljihu

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya, mu uku a cikin farar fijo ta ofis: direbanmu, da shugaban sashenmu wanda kowa ke kira Oga, sai ni a baya tare da jakunkuna. Funtua ba ta gama farkawa ba. Masu shayin bakin tasha ne kawai suka hura wuta, sai manyan motocin da suka kwana a gefen titi ana ɗumama injinsu. Da muka wuce masana'antar gurzar auduga na waiwaya na dubi garin ta gilashin baya, na ji kamar mai rabuwa da masoyi, alhali kwana shida kacal za mu yi.

Ku abokaina da muke musayar littattafan soyayya hannu da hannu, tun da na dawo kun hana ni sakat sai na ba ku labarin Legas. To ga shi, amma sai na fara da abin da ya kai ni.

Kun san shekara biyar ina buga tafireta a ofishin ayyukan gona. Bara aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya, aka sa ta a ɗaki mai sanyi kamar amarya, aka ce ni zan koyi sarrafa ta. Wata huɗu na yi ina kwashe abin da malaman gona suka rubuta a littattafansu ina zuba mata: ranar da ruwan shuka ya sauka a Bakori, da Danja, da Funtua, da Malumfashi, da Tsiga, shekara bayan shekara har goma. Duk wannan aikin ya shige cikin faifai ɗaya, wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai fi tafin hannu da yatsu ba, kaurinsa kamar bangon littafi. Ya kamata a ce muna da na biyu, amma wanda muka kwafa a kai ya lalace ana saura sati biyu tafiya, sababbi kuma sai an aika Kaduna.

Taron da aka gayyace mu na masana kwamfuta ne, a kan yadda za a haɗa na'urorin da wayar tarho, abin da aka rubuta a wani gari a karanta shi a wani gari nan take. An ce za a zaɓi wasu ofisoshin karkara a fara haɗawa da su, kowa kuma za a ba shi 'yan mintoci ya nuna abin da ya tara. Oga ya gaya mini gaskiya tun a gida: in aka zaɓe mu, na'urar ta zauna a Funtua, ni kuma a tura ni kwas. In ba a zaɓe mu ba, a kwashe ta a kai hedkwata, in koma kan tafireta.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, na nuna wa kakata faifan. Iya muke ce mata. A Tsiga ta yi rayuwarta tana noma 'yar gonarta, sai bara da ƙafa ta matsa mata muka ɗauko ta ta dawo wurinmu. Ta karɓa ta juya shi gaba da baya.

"Maigidan, wannan ɗan baƙin kwalin za ka kai har Ikko?" Haka take kiran Legas.

"Iya, ruwan garinku na shekara goma yana ciki. Duk abin da ke jakar nan bai kai shi daraja ba. In ya ɓata, aikina ya ɓata."

Ta ƙara dubansa, ta miƙo mini. Na sa shi a tsakiyar littafin da nake karantawa, na tura cikin jaka, na fita sallamar abokai. Da asuba ta rako ni har zaure da ƙullin dambun nama da dakuwa, ta ce, "Na yi maka abin da nake yi wa kakanka in zai kai shanu Ikko. Je ka, ba abin da zai same ka, sai dai in 'yan matan can su ƙwace mini miji." Na yi dariya. Na ɗauka addu'a take nufi.

Hanyar Birnin Gwari muka bi. Ƙarshen damina ne, duniya ta yi shar. Dawa ta fitar da kai tana rausaya, auduga ta yi fure fari da ja-ja, an karye masara an tara a bakin gonaki. Sannu a hankali gonakin suka ƙare, daji ya karɓe mu, itatuwa dogaye suna haɗa kai a saman titi. Direbanmu mutum ne mai hira da ramukan hanya. Kowanne ya san shi, yakan ce wannan bara ƙarami ne, bana ya girma ya yi iyali. Oga kuwa yana gaba da takardar jawabinsa yana motsa baki, ba ya ko ɗaga kai.

A Birnin Gwari muka karya da koko da ƙosai. Nan na fara ganin matan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, ƙwarya cike da itace, suna tafiya a miƙe kamar ba su ɗauki komai ba. A Tegina doya ce ta tare mu, an jera ta a bakin titi tsibi-tsibi, kowace ɗaya kamar cinyar ƙato. Wadda za a ce maka naira uku a Funtua, nan in ka yi ciniki da murmushi sai a bar maka a ɗaya da rabi. Direba ya ce mu yi haƙuri sai a dawowa.

A Mokwa muka tsaya sallar azahar. Bayan mun idar na ce bari in ɗan leƙa littafina, don na baro jarumin a ƙofar gidan su budurwarsa ana ruwa. Na buɗe jaka, na zaro littafin, na buɗe tsakiya. Babu faifai.

Na girgiza littafin. Na zazzage jakar a kan but ɗin mota: kaftani biyu, babbar rigata ta shadda tana naɗe yadda masu bugu suka ba ni ita, hula, tawul, dambun Iya. Na laluba kowane aljihun jakar har da wanda zif ɗinsa ya mutu tun ina makaranta. Babu. Oga ya leƙo ta taga ya ce, "Lafiya?" Na ji bakina ya ce, "Asuwaki nake nema, Oga." Ya miƙo mini nasa sabo. Na karɓa na yi godiya, na shiga mota da asuwaki a hannu da dutse a ƙirji.

Zan gaya muku wani abu game da zuciyar ɗan Adam. Na ɗauka daga nan ba zan ƙara ganin kyan komai ba, amma da muka hau gadar Jebba na manta da kaina. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin Kwara ba. Rana ta karkata tana zuba masa zinariya, ga wani dutse a tsaye shi kaɗai a tsakiya, ga masunta a kwalekwale kamar an ɗiga su da alƙalami. Na tuna da wata malamar firamare a Danja, wadda wasunku suka sani, wasunku kuma suna zargi. Wasiƙata takan yi kwana biyar kafin ta isa hannunta, don sai na jira direban da na amince da shi, alhali tsakaninmu ba nisa. Na ce a raina da tana nan da na nuna mata wannan ruwan na yi shiru, don ba maganar da za ta ƙara masa komai. Muna sauka gadar mata suka yanyame mu da soyayyen kifi a faranti. Na ci biyu. Sai da na suɗe yatsu tunanin faifai ya dawo ya zauna inda ya tashi.

A Ilorin muka kwana. A nan aka fara ba ni amala, baƙi, mai santsi, da miyar da ta yi kama da lalo da wata ja a kai mai yajin da ya sa na ga taurari a cikin ɗaki. Direba ya ce kada in tauna, in haɗiye kawai in yi tawakkali. Loma ta uku na fara jin daɗinsa, loma ta goma na nemi ƙari.

Washegari muka bi ta Ogbomosho da Oyo. Ƙasa ta koma ja, itatuwan kwakwar manja suka maye gurbin ɗorawa da kaɗanya, iska ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Ibadan kuwa daga kan tudu na hango ta, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, kamar an shanya barkono a kan duwatsu bakwai. Daga nan muka hau babban titin da ake biya kafin a wuce, mai hannu biyu, sumul. Direbanmu ya yi shiru, don babu ramin da zai gaisa da shi.

Legas ba ta yi mana sallama ba, haɗiye mu ta yi. Tun daga bakin gari muka faɗa gosulo, mota ba ta gaba ba ta baya. Amma wane irin gosulo! Kasuwa ce ke zuwa ta same ka a zaune. An kawo mana burodi, an kawo agogo, an kawo dutsen guga, an kawo madubi, wani ma ya ɗago ɗan kwikwiyo ya nuna wa Oga ta taga. Ga manyan motocin haya masu ruwan ɗorawa, mutane sun cika ciki har sun yi reto a ƙofa, kowa da jaridarsa a hammata kamar ba abin da ke faruwa. Ga gadoji wata kan wata, ga benaye da sai ka cire hula kafin ka ga ƙarshensu. Na riƙa juya kai har wuyana ya yi tsami.

Da yamma, bayan mun ajiye kaya a masauki, na roƙi direba ya kai ni bakin teku. Na karanta teku a littattafai da yawa, amma ba wanda ya gaya mini tana da murya. Tana zuwa da gudu kamar za ta cinye ka, sai ta zo dab da ƙafarka ta durƙusa ta koma. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Na cika wata 'yar kwalba da na tanada tun daga gida, don na yi wa malamar Danja alkawarin zan kawo mata teku.

Ranar farko ta taro na sa kaftani. Zauren yana hawa na shida, aka sa mu a wani ɗan ɗaki mai hawa da mutane, cikina ya rage a ƙasa sai daga baya ya biyo ni. Sanyin ciki ya fi na ɗakin kwamfutarmu sau uku. Mutane daga ko'ina, masu kwat, masu agbada, babbar rigar Yarabawa, mata masu ɗaurin kai kamar jirgi zai tashi, Turawa 'yan kaɗan, Indiyawa biyu. An jera na'urori a kan tebura, fuskokinsu suna ƙyalli da koren rubutu.

Abin da na gani da hantsin nan ba zan manta da shi ba. Wani malamin jami'a ya ɗauki kan tarho, ya juya lamba, ya ɗora shi a kan wani ɗan akwati mai kofuna biyu na roba. Akwatin ya yi wani kuka, tsakanin na gyare da na rediyon da ba ta kama tasha ba. Ya zauna ya buga gaisuwa. Muka zuba ido. Can sai ga haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa komai, wani mutum ne a Ibadan yake amsawa. Ibadan da muka baro jiya, muka sha gosulo, ga maganarta ta riga ƙiftawar ido! Daga nan ya je allo ya ɗiga garuruwa, ya ja layi daga wannan zuwa wancan, daga wancan zuwa na gaba, har allon ya koma kamar saƙar gizo-gizo a kusurwar rumbu. Ya ce wata rana haka duniya za ta zama, kowace na'ura tana riƙe da zaren 'yar'uwarta.

Da aka ba da damar tambaya ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na tambaya da Turancina na ofis ko wannan waya za ta iya ɗaukar wasiƙar mutum zuwa ga mutum ɗaya tak, ba tare da kowa ya karanta a hanya ba. Zauren ya fashe da dariya. Malamin ya cire tabarau ya ce tun safe wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma yana yi wa yarinyar murna. Oga ya sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Duk wannan daɗin, ku tuna, da dutsena a ƙirji nake jin sa. Washegari da ƙarfe goma sha ɗaya ne lokacinmu. Sau uku na buɗe baki in gaya wa Oga, sau uku na tambaye shi wani abu daban.

Da gari ya waye na yanke shawara. Zan same shi kafin karin kumallo in faɗa masa gaskiya. Kuma tunda kunya zan sha, gara in sha ta cikin babbar riga, yadda jaruman littattafanmu ke fuskantar ƙaddara da kwalliyarsu. Na warware shaddar, na zura kai, na saɓa hannuwa a kafaɗa. Sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji, daidai bayan aikin zare, cikin babban aljihun gaba. Na sa hannu. Abu mai kusurwa huɗu. Na ja, ya ƙi fitowa.

Na juya aljihun na duba a gaban taga. Faifaina ne, an ɗinke shi a jikin rigar da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere, irin na hannun da ya shekara hamsin yana riƙe allura. Nan take maganar zaure ta dawo mini. Haka Iya take yi wa kakana: duk abin da yake tsoron ɓarayin Ikko su raba shi da shi, sai ta ɗinke masa a cikin riga, ba ta ko gaya masa, don a ganinta abin da mai shi bai san inda yake ba, ɓarawo ma ba zai sani ba.

Na yi dariya, na yi hamdala, sannan na tuna abin da aka koya mana ranar da aka kawo mana kwamfuta: kada a lanƙwasa faifai, kada a taɓa cikinsa, kada ko ƙura ta hau shi. Ba wanda ya ce kada a soka masa allura, don ba wanda ya taɓa zaton za a yi.

Haka na je ɗakin Oga da aljihu a waje. Na faɗa masa komai tun daga Mokwa. Ya cire hula ya ajiye a kan gado, ya daɗe yana kallon ɗinkin.

"Kakarka ce?"

"Ita ce, Oga."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka yi tunani kafin ka amsa. An kai rigar nan wajen masu bugu kafin ɗinkin, ko bayan ɗinkin?"

"Kafin, Oga."

"To, sa takalminka. Kada ka taɓa zaren."

A bayan zauren taro akwai ɗakin masu gyara, a nan muka sami injiniyar da ke kula da na'urorin, wata Bayarabiya mai gajeren gashi da sukuddireba a aljihun riga. Oga ya fara yi mata bayani da Turanci, ta dubi hularsa ta amsa da Hausa garau. Ashe 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, a Zariya ta tashi. Da ta ga aljihun sai da ta dafa tebur don dariya.

"Kai, ɗan'uwa! Wannan ai aikin tsohuwa ne. Uwata ma haka ta ɗinke mini takardar shaidar makaranta a cikin zane ranar da zan zo garin nan. Tsaya cak, kada ka yi numfashi."

Ta ɗauko reza ta riƙa yanke zaren ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye na ɗaga riga sama kamar mai jiran allurar asibiti. Ta ɗaga faifan a gaban fitila. Ta nuna mana cewa abin da ke ɗauke da rubutun zagayayye ne a cikin rigarsa mai kusurwa huɗu, don haka kusurwoyin fanko ne, kuma a nan Iya ta yi ɗinkinta. Na fara murmushi. Sai ta ɗora farce kusa da ramin tsakiya.

"Amma ga ɗaya nan. Ta ƙara masa ɗinki a ciki, kada ya yi lilo. Tsohuwar nan ba ta aikin ganin ido."

Ta lallaɓa wurin da bayan cokalin shayi har ya kwanta. Ta ce ba za ta sa shi a sabuwar na'ura ba ko da za mu yi kuka, amma akwai wata tsohuwa a ƙarƙashin tebur wadda ta saba da wahala. Ta tura faifan, ta rufe. Na'urar ta yi gurnani, ta yi ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ban taɓa jin tsawon daƙiƙa irin na ranar ba.

Bakori ta fito. Danja ta fito, na ji kamar an kira sunan wata. Funtua. Malumfashi. Tsiga ta fara fitowa, shekara ɗaya, biyu, har bakwai, sai na'urar ta yi tari ta tsaya. Shekara ukun ƙarshe na Tsiga, su ne na buga daga ƙarshe, su allurar ta cinye. Duk garuruwan nan, Iya ba ta soki na kowa ba sai nata.

Injiniyar ta kwafe abin da ya tsira a sabon faifai ta miƙo mini. "Riƙe shi a hannu, ɗan Iya. Kuma ka gaishe ta, ka ce wata 'yarta a Ikko ta ga aiki."

Ƙarfe goma sha ɗaya muka hau. Oga ya yi jawabinsa, ni ina zaune gaban na'ura da rigata mai huji biyar a aljihu. Aka juya lamba, akwatin ya yi kukansa, na danna. Ruwan shukar ƙasarmu ya kama hanyar Ibadan ta cikin waya. Na tuna malaman gona a kan baburansu cikin taɓo, da manoman da ke duban gabas kowace yamma, na ji idona ya ciko. Jim kaɗan amsa ta fito a gaban kowa: an samu, amma ina ragowar Tsiga?

Oga ya dubi takardarsa, ya ninke ta, ya ba mutanen zauren labarin yadda yake, tun daga shanun kakana har bayan cokalin shayi. Ban taɓa sanin ya iya ba da labari ba. Aka yi dariya har wani Bature yana share hawaye. Da ta lafa sai ya ce, mutanen da suka iya tsare abu haka, a ba su waya su daina ɗinke shi a riga. Aka tafa, aka daɗe ana tafawa.

Ranar rufe taro aka karanta ofisoshin da aka zaɓa. Namu ne na huɗu. Ban ji na biyar ba, ban ji na shida ba.

Dawowa ta fi tafiya sauri, ko don zuciya ta yi sauƙi ne. Muka sayi burodin Agege mai laushi kamar matashin kai, muka sayi manja a Oyo, muka cika but da doyar Tegina har fijo ta durƙusa. Direba ya koma gaisawa da ramukansa. Da muka fito daga dajin Birnin Gwari na hango gonakin dawa, na ji ƙamshin ƙasarmu, sai na gane duk kyan teku ban yi kewarta ba ko na minti ɗaya yadda na yi kewar wannan. Kwalbar kuwa ta isa Danja lafiya. Abin da aka ce da aka karɓa, wannan ba na wasiƙar jama'a ba ne.

Na tarar da Iya a tsakar gida tana ɓarzar gyaɗa. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "An sace?"

"Ba a sace ba, Iya."

"To."

"Amma allurarki ta cinye ruwan Tsiga na shekara uku."

"Waɗanne?"

Na gaya mata. Ta ci gaba da ɓarzar gyaɗarta, ta ce, "Ɗauko alƙalami, raggon miji. Na farko, azumi na da kwana tara, ranar Lahadi da hantsi, ina shanya gero na kwashe da gudu. Na biyu ya yi mana yaudara, ya zo muka shuka ya ɗauke, na gaskiyar sai ranar Jumma'a ana saukowa masallaci. Na ukun Laraba ce, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, ragowar tuwon Sallah ma bai ƙare ba."

Washegari na ɗauko littafin malamin gona na Tsiga a ofis na gwada. Na farko daidai. Na biyu daidai, har da yaudarar. Na uku littafi ya ce Alhamis. Na dawo gida da 'yar nasarata na gaya mata.

"Wane malamin gona? Dogon nan mai jan babur? Ranar Laraba yana Bakori wajen suna. Ya dawo Alhamis ya tarar da ƙasa a jiƙe ya rubuta. Je ka tambaye shi."

Na tambaye shi. Ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya an yi wani suna a wajen lokacin.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma zai daɗe tare da ni. Na koyi cewa in abu ya ɓace maka ka faɗa tun a Mokwa, kada ka kai shi har bakin teku. Na koyi cewa abu mai daraja ba a barinsa guda ɗaya, kuma in ka gaya wa tsohuwa darajarsa, to ka gaya mata har da abin da ba ya so. Na ga ranar da ke zuwa da idona, ranar da magana za ta riga mota, kuma ina ɗokinta kamar yadda nake ɗokin shafin ƙarshe na littafi mai daɗi. Amma na tafi Legas ina ganin ni ne na ɗauki ruwan ƙasarmu a aljihu, na dawo na tarar akwai inda aka ajiye shi tun kafin a ƙera na'urar.

Jiya na sake buga shekaru ukun nan na Tsiga, na kwafa a faifai biyu, ɗaya a ofis ɗaya a durowar Oga, nesa da kowace allura. An ce bayan girbi masu waya za su zo su ja mana layi. In sun zo, aka juya lamba, akwatin ya yi kukansa, abin da zai fara fita daga Funtua zuwa sauran duniya yana ɗauke da gyara guda ɗaya. A inda littafi ya ce Alhamis, Larabar Iya na rubuta.